Jar Hular Igiya: Ta'aziyyar Kakana da Ya Rasu a Tafki

Na Allah muke, wurinSa kuma ake komawa, wani daga kan shimfiɗarsa, wani daga cikin ruwa. Kakana, mahaifin Innata, daga cikin ruwa ya koma, kuma ina tare da shi a ranar. Jiya aka yi sadakar arba'in. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji har an fara cewa "yana cikin waɗanda jirgi ya kife da su", kamar ba shi da wani labari sai wannan.

Kwana ukun farko gidanmu na Yelwa ya cika da mutanen da ba su san abin da za su ce ba, domin ba a ga gawarsa ba. Wanda ya shigo ya ce "Allah ya jiƙan Malam", sai Kaka, matarsa, ta ɗago kai ta ce, "Ka gan shi?" Wanda ya ce "Allah ya bayyana shi" kuma, sai Kawu, babban ɗansa, ya kau da fuska, don shi ya san halin ruwa. Daga baya mutane suka samo dabara, suna cewa "Ya muka ji da wannan abu?" kawai, su nemi tabarma su zauna.

Wani tsohon ɗalibinsa mai furfura ya tsaya a zaure yana ba da labarin ranar da Malam ya sa shi zana zuciyar kifi sau ashirin, yana dariya, sai dariyar ta maƙale masa. Masunta sun kawo busasshen kifi, suka rasa ko sadaka za su kira shi ko tsaraba. Wata mai sayar da kifi ta ce da ƙarfi, "To wa zai riƙa sa ma igiyoyinmu hula?" Sai ta ji nauyin maganar, ta rufe baki da mayafi.

Liman ya yi bayani a tsakar gida. Ya ce muddin ba a ga gawa ba, ba kuma wanda ya shaida mutuwar da idonsa, Kaka matar aure ce, ba za ta shiga takaba ba, kuma jiran irin wannan yana da tsawo. Sai duk aka juyo gare ni.

Liman ya ce, "Kin ga lokacin da ya nutse?"

Na ce ban gani ba. Gaskiya ce, ruwa kawai na gani.

Kaka ta ci gaba da dama masa fura kullum da azahar, ta rufe da faifai, ta ajiye inda ya saba zama. Ni kuwa ina ɗakin Inna. Ba na iya kallon ruwa a baho. Alwala ma da buta nake yi, idona a rufe. Har yau haka nake yi.

Tsoho nake kiransa, shi kuma ya kira ni Amarya, irin wasan kaka da jika. A wani gungu, wato tsibiri, aka haife shi, wanda yanzu yake ƙarƙashin tafki, yana yaro aka tashe su lokacin da aka datse kogin. In muna cikin jirgi yakan nuna inda babu komai sai ruwa ya ce, "Nan aka binne cibiyata." Ɗan masunci ne da ya yi boko, ya koyar da bayoloji a sakandare har ya yi ritaya. Amma hannunsa bai bar igiya ba.

Ba ya iya ganin bakin igiya a sake. Kullum akwai jan zare da 'yar wuƙa a aljihunsa. Zai kama bakin igiyar ya naɗe shi da zaren tamau, ya cusa jelar zaren ta ƙarƙashi, ya yanke. Hula yake kiran wannan naɗin. Igiyar guga, igiyar shanya, ta akuyar maƙwabta, duk suna da jar hula. Ranar kasuwa yakan zauna a bakin ruwa yana yi wa duk mai jirgin da ya miƙo, ko goro ba ya karɓa. In an ce ya cika son wahala sai ya ce, "Igiya daga baki take mutuwa."

Da idonsa ya yi rauni, ni na zama idonsa. Na gama sakandare ina jiran jarrabawar shiga jami'a, wani daga cikin tsofaffin ɗalibansa kuma, wanda yake koyarwa a jami'a, yana turo masa takardun bincike ta waya. Ni zan karanta Turancin da rabinsa kawai nake ganewa, shi kuma ya mayar mini da shi Hausa. Shekararsa ta ƙarshe abu ɗaya ya ɗauke masa hankali, wato RNA da yadda furotin ke gane bakinsa.

Na tuna ranar da ya fara yi mini bayani, da hantsi, Kaka tana gyaran shinkafa.

"Amarya, kwanto igiyar shanya."

"Kayan Kaka na kai."

"Zuba mata su a ka, ilimi ya fi zane."

Na kwanto. Ya miƙar da ita a cinyarsa ya ce wannan RNA ne. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai irinsa da yawa, siririn zare ne mai haruffa iri huɗu a jere, saƙo ne da aka kwafo daga DNA za a kai inda ake ƙera furotin. Ya ce zaren yana da kai yana da wutsiya, kuma ba su yi kama ba. Namu na jiki, kafin ya fita aike, sai an ɗora masa hula a ka, a wutsiya kuma a jera masa harafi ɗaya sau da yawa. Wanda hularsa ta faɗi ba ya daɗewa, akwai masu cinye shi, kuma daga bakin suke farawa.

"To wa yake duba hular?" na ce.

"Furotin. Kuma ba shi da ido. Kamar ni yake."

Ya ce furotin ba ya tsayawa karanta saƙon daga farko har ƙarshe. Lalube yake yi. Mai kama hula yana da wasu ɓangarori biyu masu faɗi, yana matse hular a tsakaninsu kamar yadda za ki riƙe ɓawon kifi tsakanin yatsu biyu, in ba hular ba ce ba ta zauna ba. Akwai kuma wani furotin mai gadi. Shi aljihu gare shi mai toshe a ƙasa, don haka tsakiyar zare ba ta shiga, sai baki kaɗai. RNA na wasu ƙwayoyin cuta yakan zo kai ba hula, da wasu ƙulli uku a tsirara da ake kira fosfet, aljihun nan kuwa yana jan su kamar mayen ƙarfe. Da zarar sun faɗa ciki sai mai gadi ya kwarmata wa jiki cewa baƙo ya shigo.

"Tsoho, wa ya gani? Ko dai tatsuniya kake mini?"

Ya sa na buɗe hoton a waya. Masu bincike suna daskarar da furotin yana riƙe da bakin zaren, su ɗauki surarsa. Ni dai taliya na gani ta nannaɗe, shuɗi da kore, da wani ɗan rami. Ya kawo wayar daf da hancinsa ya daɗe yana kallo, ban san me yake iya gani ba.

"Ƙwayar mura ɓarauniya ce," ya ce. "Takan yanke hular namu ta ɗora wa nata, ta wuce mai gadi tana sallama."

Kaka ta ce, "Kai dai ka samu wadda za ka ɓata ma lokaci. Maido min igiyata."

Ya ƙara da cewa shi ya sa hula kaɗai ba ta isa shaida ba. Namu yana da wata 'yar alama ta biyu a gindin hular, ƙarama ƙwarai, wadda masu gadi ke taɓawa su san na gida ne. Wannan maganar ban ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin.

Ni bahaguwa ce. Tun ina ƙarama Kaka take buge mini hannu, shi kuma yana cewa a bar ni, in dai ba abinci nake ci da shi ba. Rannan ya sayo sabuwar igiya don jarkar da yake shiga jirgi da ita, ya yi wa baki ɗaya hula, ya miƙo mini ɗayan ya ce in gwada. Na naɗa, na cusa jelar zaren ta zame, na sake cusawa, sai wurin ya yi ɗan tudu. Ya karɓa, ya rufe ido, ya bi da babban yatsa.

"Wannan naɗin hagu ne. Ga kuma ƙari ya fito masa kamar goshin Kawunki."

Na ji haushi na ce ya kawo in warware. Ya hana. Ya ce duk Yauri ba mai irinta, shi kuma ba ya rabuwa da kayan amarya.

Jarkar nan ita ce abin faɗansa da Kawu. Ƙarama ce, ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, babu komai a ciki, murfinta a ɗaure da leda. Ba ya shiga jirgi sai da ita. Igiyar ta ratsa ta hannun jarkar an ƙulle ta a tsakiya, baki ɗaya ya ɗaura a ƙugunsa, ɗayan a hannun wanda suke tafiya tare. Mutane suna dariya, wasu suna cewa boko ya cinye wa Malam tawakkali. Kawu ya taɓa ɓoye ta a bayan rumbu.

"Baba, kana tsohon malami kana yawo da jarka kamar mai sayar da fetur? Ana yi da mu a gari."

"Ana yi da ku, ko ana yi da ni?"

"Duk ɗaya ne."

"To in ɗaya ne, ɗauko mana jarkarmu."

Sati guda ba su yi doguwar magana ba, sai gaisuwa. Ni kuwa nakan tsokane shi in ce wannan 'yar abar ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Sai ya ce, "Ta mutum ɗaya da rabi ce. Ke ce ɗayan, ni rabin."

Ranar da abin ya faru mun je ƙetare gaishe da ƙanwarsa da ba ta da lafiya. Bayan la'asar muka zo dawowa. Jirgin ya ɗauki buhuna da babura da mutane. Tsoho ya sa hannu ya auna tsakanin ruwa da bakin jirgi, ya ce, "Amarya, mu sauka, mu bi na gobe." Na ce gobe da safe ina da darasin shirin jarrabawa. Na ce, "Kai dai tsoro, Tsoho." Ya dube ni, ya zauna. Ya ɗaura bakin da na naɗa a ƙugunsa, kamar kullum, ya ɗaura mini wanda ya naɗa a hannu.

Itatuwan tsohuwar ƙasa suna nan tsaye a ƙarƙashin tafkin. Iska ta taso, muka hau kan wani kututture. Na ji ƙarar katako, daga nan sai ruwa. Jarkar tana fitowa da mu tana komawa, tana fitowa tana komawa. Ina ta shure-shure. Na ji ƙafata ta bugi wani abu mai laushi. Can sai na ji nauyin ya tafi, jarkar ta yi sama da ni ni kaɗai. Masunta suka tsamo ni.

Maganar ƙafar nan ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauka ni na shure shi har igiyar ta tsinke. Inna ta ajiye jarkar a bayan ƙofa, na ƙi kallon wajen.

Rana ta huɗu da safe aka bugo wa Kawu waya daga wani ƙauyen masunta a gefen Ngaski. An tsinci gawar maza uku a cikin ciyawar bakin ruwa. Ruwa ya sauya su, ba mai iya gane fuska, kuma ba za a wuce azahar ba a binne su ba. Ɗaya yana da igiya a ƙugu mai jar hula.

Kawu ya faɗa a tsakar gida, muryarsa ba ƙarfi. Kaka ta ce, "Jar hula? Rabin masuntan ƙasag ga suna da ita. Shi yay yi musu."

Kawu ya ce haka ne. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan igiya ba.

Daga bakin ƙofa na ce a tafi da ni. Inna ta ce ina, ɗiya mace ba ta zuwa irin wannan wuri, balle ni da ko baho ba na iya kallo. Na ce ba fuska zan duba ba. Kaka ta kalle ni ta ce, "Ku bar ta ta tahi. Ta san hannunta."

Na ce amma ba ta ruwa ba. Ta hanya muka bi, a mota, daga baya a babur. Na rungume jarkar, ban san dalilin ɗauko ta ba.

An kwantar da gawarwakin a ƙarƙashin wata bishiya, an lulluɓe da tabarmi da ganye. Ba zan yi maganar warin ba. Na durƙusa na ba tafkin baya, amma ina jin motsinsa. Limamin ƙauyen ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo bakin igiyar ya ɗora mini a tafin hannu. Hular ja ce, irin ta kowa.

Na rufe ido na bi da babban yatsa. Naɗin Tsoho dama yake bi, na san shi tun ina yarinya. Wannan hagu ya bi. Na gangara ƙasa, na taras da ɗan tudun inda na cusa zare sau biyu.

Na ce, "Shi ne."

Liman ya ce, "Ɗiyata, ki natsu. Maganag ga taki ita za ta sa mace takaba. Kin tabbata?"

"Na tabbata. Ni na naɗa."

Kawu ya ce in sake taɓawa. Na sake. Na kama yatsansa na ɗora a kan tudun, na ce, "Ga shi, Kawu. Ya ce kamar goshinka." Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Kawu bai ɗauke yatsan ba.

Akwai wani dattijon masunci a wurin, shi ya jagoranci tsamo su. Ya ce in ba shi jarkar. Ya jawo ɗaya bakin igiyar da ke jikin Tsoho, inda ta rabu, ya haɗa da guntun da ya rage a hannun jarkar. Duka biyun sun warware sun yi gashi-gashi. Ya murza su a hankali ya mayar da tufkar, ya jera su a kan gwiwarsa.

"Wagga ba tsinkewa tay yi ba," ya ce. "Igiyad da ta tsinke, silinta ba su zuwa daidai, wani dogo wani gajere. Ku duba. Wuƙa ce. Yanka guda."

Ya laluba aljihun rigar Tsoho ta saman tabarma. Zaren yana nan. Wuƙar ba ta nan.

Kawu ya zauna a ƙasa. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Na tsaya ina kallon bakunan biyu a kan gwiwar dattijon, sun haɗu kamar ba a taɓa raba su ba.

A can aka yi masa sutura, aka binne shi a kan tudu, kabarinsa shi kaɗai, ana kiran sunansa a addu'a. Sauran biyun ba a samu mai gane su ba har aka rufe su, Allah ya jiƙansu, ya sanar da nasu. A hanyar dawowa Kawu ne ya riƙe jarkar a cinyarsa, ta cikin kasuwa ma bai ɓoye ta ba.

Da muka shiga gida Kaka ba ta tambayi Kawu ba, ni ta kalla. Na ce, "Naɗina ne, Kaka." Ta tashi ta ɗauki ƙwaryar furar da ke rufe da faifai ta miƙa wa Inna ta ce a bayar sadaka. Ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunnenta. Da la'asar wata maƙwabciya ta shigo, cikin ɗari-ɗari ta ce, "Allah ya jiƙan Malam." Kaka ta ce, "Amin." Daga nan ne gidan ya fashe da kuka, na kwana huɗu gaba ɗaya.

Ba zan ce Tsoho ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai, yana katse mutum in yana magana, kuma ya sa Kaka ta sha jira da abinci saboda igiyar wani. Takardun suna ci gaba da shigowa wayarsa, don ɗalibin nasa ya ce bai iya dainawa ba tukuna. Na buɗe ɗaya, na ga taliyar nan shuɗi da kore, na rufe. Ban koma darasi ba. Kawu ya ce ba gaggawa. In babur ya wuce da ƙara irin ta injin jirgi, sai na nemi bango na dafa.

Guntun igiyar da ke hannun jarkar ya ci gaba da warwarewa a bayan ƙofa, kullum yana raguwa. Jiya bayan mutane sun watse na ɗauko sauran jan zarensa na zauna inda yake zama, na murza tufkar, na naɗa masa hula. Kaka tana kan tabarmar takaba tana kallo.

"Har yau da hagu?" ta ce.

"Da hagu."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta rufe ido ta bi da yatsa, sau biyu, ta miƙo mini.

Allah ya gafarta wa Tsoho, ya yalwata masa makwanci, ya karɓe shi cikin shahidan ruwa. Kai kuma da ke karanta wannan a Yelwa ko Ngaski ko Shanga, in akwai igiya mai jar hula a jirginka, ko a guganka, ko a wuyan akuyarka, ka san hannun da ya naɗa ta. In ka taɓa ta gobe, ka yi masa addu'a.